A AUNA JININ MASU FESHI DA KUƊIN HUKUMA

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ya bi ta Kakuri da Makera da Nasarawa har Kudenda, zai ga lambuna a shimfiɗe a bakin ruwa, zai kuma ga samari goye da famfon feshi, babu takunkumi, babu safar hannu, wani ma ko takalmi babu. Ban da su akwai yaran shago masu ɗura maganin ƙwari a ƙananan kwalabe, da leburorin da ke zuba wa wake magani a sito, da masu bi gida-gida suna feshin sauro da kyankyaso. Waɗannan bayin Allah kullum suna cuɗanya da guba, amma babu wani tsayayyen shiri na duba abin da ta yi wa jikinsu. A ganinmu lokaci ya yi da za a riƙa auna jininsu, kuma Hukuma ce ya kamata ta biya.

Magunguna da yawa da ake feshi da su a nan ƙasar, kamar dikulobos wanda jama'a suka fi sani da Sniper ko fiya-fiya, suna kashe ƙwaro ne ta hanyar daƙile wani sinadari mai daidaita saƙon jijiya, wanda likitoci ke kira kolinestaras. To, shi ma ɗan Adam yana da wannan sinadari, kuma gubar ba ta bambanta mutum da ƙwaro. Tana shiga ta fata, ta hanci, ta baki. Idan ta yi yawa sai a ga mutum yana gumi da dalalar da miyau, yana amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. Amma kafin a kai ga haka, sinadarin yakan yi ta raguwa a hankali mutum bai sani ba, in ban da ɗan ciwon kai da kasala da jiri, waɗanda yawanci akan ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a sha magani a koma gona.

Awon jini shi ke tona wannan ɓarna tun tana ɓoye. Akan ɗebi jinin ma'aikaci kafin ya fara aikin shekara, bayan ya yi kamar kwana 30 bai taɓa maganin ba, a rubuta yawan sinadarin, sa'an nan a riƙa maimaitawa lokacin aiki ana kwatantawa da na farko. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta wannan awo tun 1974, Jihar Washinton kuma ta bi sahu a 2004 bayan da ma'aikatan gona suka yi nasara a kotu a 2002. Ƙa'idarsu ita ce, idan sinadarin ya ragu da kashi 30 daga cikin 100 a jajayen ƙwayoyin jini, ko kashi 40 a ruwan jini, sai a janye mutum daga feshi har jikinsa ya farfaɗo. Haƙiƙa awon bai shafi maganin ciyawa irin su farakwat ba, wannan sai wani bincike dabam, amma yana kama rukunin gubar da ta fi saurin kayar da mai feshi.

Abin takaici shi ne, ba mu cika tunawa da wannan guba ba sai ta shiga tukunya. A 2008, bayan da mutane fiye da 100 suka kwanta asibiti a Bekwara ta Jihar Kuros Riba saboda cin wake mai magani, haka kuma 'yan makarantar 'yan mata ta Doma a Jihar Gombe, Hukumar NAFDAC ta haramta magunguna 30, har da Gamalin. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu ƙasashenta saboda yawan dikulobos da ta samu a ciki. A 2019 kuma aka hana sayar da Sniper na gona a ƙananan kwalabe. Duk waɗannan matakai ne masu kyau, sai dai an ɗauke su ne domin mai ci da mai saye. Idan har abin da ya saura a jikin ƙwayar wake ya isa ya kwantar da mutum, ina ga wanda ya dama maganin da hannunsa, ya wuni yana shaƙa?

Wasu za su ce ai mai gona ko mai shago shi ya kamata ya biya, tun da shi ke cin riba. Wannan magana da ta zauna da a ce muna zamanin masaƙu ne, lokacin da KTL, wadda aka buɗe a Kakuri a 1957, da Arewa da UNTL suke ɗauke da dubban ma'aikata masu rajista da ƙungiyar ƙwadago mai tsaya musu. KTL ta rufe a 2002, saura suka bi baya, jama'a da yawa suka koma neman abinci ta kowace hanya. Mai feshi na yau ɗan ƙodago ne, yau yana gonar wannan, gobe ta wancan, ana biyansa bisa yawan famfon da ya fesa. Wanne daga cikin iyayen gidan nasa za a kama? Shi kuwa da abin da yake samu ba zai bar cefanen gida ya je awon ciwon da bai kwantar da shi ba.

Kuma kuɗin akwai inda za su fito. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 daga cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da Hukumar NSITF ke riƙe da shi. Dokar ta ambaci ma'aikacin wucin gadi da ɗan koyo da wanda aka ɗauka da baki ba da takarda ba, ta kuma sanya hana aukuwar naƙasa a wurin aiki cikin manufofinta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta sa cututtukan da maganin ƙwari ke haddasawa a jerin cututtukan sana'a da ta fitar a 2010. Asusun da aka yarda ya biya diyyar wanda ya naƙasa ko ya mutu, don me ba zai biya awon da zai hana naƙasar ba? Rigakafi dai ya fi magani, ya kuma fi shi araha. Ita ma Gwamnatin Jiha, wadda ke ƙarfafa wa manoma gwiwar amfani da kayan noma na zamani, tilas ta kawo nata kason, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da Hukumar Bunƙasa Aikin Gona da NSITF da su haɗa kai su fara da kudancin Kaduna. A bi ta hannun Sarakunan Noma da masu unguwanni da shugabannin kasuwa a rubuta sunayen masu wannan sana'a. A tanadi kayan awo a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri da Babban Asibitin Sabon Tasha, a yi awon farko kafin faɗuwar damina da kuma kafin noman rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Muhimmi kuma, duk wanda aka ce ya ajiye famfo a ba shi ɗan abin da zai riƙe iyalinsa har jininsa ya dawo daidai, wanda kan ɗauki makonni. In ba haka ba, jama'a za su guji awon kamar yadda suke gudun mai karɓar haraji. Daga ƙarshe a bayyana sakamakon kowace shekara ba tare da sunaye ba, domin NAFDAC ta san maganin da ya fi ɓarna da kasuwar da yake fitowa.

Waɗannan samari su ne ke kawo alayyafo da tumatir da waken da ake dafawa a gidajenmu. Ba su nemi komai ba illa su koma gida da lafiyarsu. Allah Ya sa masu riƙe da asusun jama'a su duba wannan magana tun kafin noman bana ya kankama, amin.