Siminti ba ya karɓar cin hanci

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Ginin ƙasa ne da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. A wannan damina kuma ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai, gidaje masu ɗimbin yawa suka rushe a faɗin ƙasa. Kowa ya ce ikon Allah. Haka ne, babu mai jayayya da ƙaddara. Sai dai wanda ya saukar da ruwan shi ne ya ba ɗan Adam hankalin auna nauyin da bango zai iya ɗauka tun kafin hadari ya taso. Wannan awo ilimi ne, ana koyar da shi a manyan makarantunmu, kuma a ganina yana cikin ilimin da ƙasar nan ta fi wulaƙantawa.

A faransanci sunansa résistance des matériaux, ɗalibai na taƙaita shi RDM. Da Hausa sai mu ce ilimin juriyar kayan aiki. Ni adabi na karanta, amma na yi zaman ɗaki ɗaya da wani da wannan darasi ya hana shi barci shekara biyu. Tambayarsa guda ce: idan aka danne abu, ko aka ja shi, ko aka lanƙwasa shi, ko aka murɗe shi, yaya zai sake kama, kuma yaushe zai karye? Galileo ya fara lissafin karyewar gungume a 1638. Robert Hooke ya bayyana a 1678 cewa miƙewar abu tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi, muddin ba a wuce iyakarsa ba. Navier na Faransa ya tsara lissafin a darussan da ya buga a 1826. Duk gadar da ka taka, ya mai karatu, a kan wannan gado take tsaye.

Kada a ɗauka zancen allo ne kurum. Kankare na yau da kullum, in ya cika kwana 28, kowane murabba'in santimita nasa yana jure dannin kusan kilo 250. Amma in ja aka yi, da ƙyar yake jure kashi ɗaya cikin goma na haka. Shi ya sa ake saka masa ƙarfe a wurin da zai sha ja. To, ɗan kwangilar da ya cire ƙarfe mai kaurin milimita 12 ya sa mai 10, yana ganin milimita biyu kawai ya rage. Alhali kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen ya kwashe. Wanda kuma ya zuba buhu biyar na siminti inda ƙa'ida ta ce bakwai, ya sa buhu biyu a aljihu, ya bar rufi a kan ɗiyan talakawa suna karatu a ƙarƙashinsa. Ranar buɗe aiki fenti yana ƙyalli, makaɗa na kiɗa, babu mai gani. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Haka zancen hanya yake. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa in aka ninka nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya sau biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkuwa kusan sau 16. Saboda haka ne dokar UEMOA ta 2005 ta ƙayyade tan 11,5 ga layin tayoyi guda. Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Arlit ya san abin da lodi ya yi mata. Jami'in da ya kau da kai a wurin awon nauyi saboda ɗan abin goro, kwaltar da aka ciwo bashi don shimfiɗa ta ya sayar.

Ga inda siyasa ta shigo. Tun daga zamanin jam'iyya guda har zamanin jam'iyyu da yawa, da farar hula da soja, cuta ɗaya muke fama da ita: kwangila ladan biyayya ce. Wanda ya yi wa manya hidima shi ke samun aikin gina lakwal da asibiti, ko da bai taɓa riƙe magwaji ba. Injiniya kuwa, in ma an kira shi, sa hannunsa ake so, ba ra'ayinsa ba. In ya ƙi, a nemo wani. Ana iya sayen kwamitin karɓar aiki, ana iya toshe bakin ɗan jarida, amma siminti ba shi da jam'iyya, ba shi da ɗan uwa a ofis. Abin da aka zuba masa shi zai mayar.

Makarantu ba su muka rasa ba. Akwai EMIG a Yamai, wadda ta buɗe ƙofofinta a 1990. Akwai jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa da aka kafa a 2010. Abin tambaya shi ne yadda ake karatun. Wannan fanni ba a haddace shi kamar karatun tarihi. Sai ɗalibi ya sa sandar ƙarfe cikin na'ura ya ga ta miƙe, ta sirance, ta tsinke. Sai ya matse dunƙulen kankare har ya fashe a gabansa. Abokin zamana ya ci jarrabawarsa da lissafi mai kyau, amma ya ce mini sau ɗaya tak ya ga an karya ƙarfe a ɗakin gwaji. Wa zai yarda da likitan da bai taɓa duba majinyaci ba?

Na san abin da wasu za su ce: kakanninmu sun yi gini ba tare da difloma ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta. Masallacin Yama, a jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina, ya sami lambar yabon Aga Khan a 1986. Wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. Maginin da ya san tazarar da azara za ta iya ɗauka ba tare da ta lotsa ba, wanda ya san dalilin kaurara gindin bango da sirantar da kansa, ilimin juriyar kaya yake yi, ko da bai rubuta ba. Laifinmu shi ne mun bar iliminsa a bakin ƙofar jami'a. Ana koya wa ɗiyanmu halin ƙarfen da ake sayowa daga waje, ba a koya musu halin jar ƙasa da yumɓu da giginya da ke ƙarƙashin ƙafarsu yadda ya kamata. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi kira tun 1964 ga ilimin da ya dace da bukatun Afirka. Aikin Dandaji, da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018 da tubalin ƙasa matsattse, ya nuna abin da ke yiwuwa in magini da mai lissafi suka haɗa kai.

Don haka abu uku nake nema. Na farko, a ba kowane sashen koyon injiniya ɗakin gwaji mai aiki, da kuɗin gyaransa, kafin a sayo wa manya sababbin motoci. Na biyu, kada baitulmali ya biya ko dala a kan ginin gwamnati sai da sakamakon gwajin kankare da ƙarfe, a liƙa shi inda kowa zai karanta, tare da sunan injiniyan da ya sa hannu, doka ta kare shi in ya ƙi, ta hukunta shi in ya yi ƙarya. Na uku, a shigar da ginin ƙasa cikin manhaja, a gayyato sarakunan magina su koyar, a auna abin da suka sani a rubuta.

Ku kuma ɗalibai da wannan darasi ke ba wahala, ku daure. Kuskuren ɗan jarida ana gyara shi a fitowa ta gaba. Naku kuwa, da shebur ake tono shi. Damina na tafe, kuma ba ta tambayar wa ya ba da kwangila.