Daga Kano Zuwa Jidda A Jirgin Sama

Jama'a, yau ina so in warware wani lissafi mai rikita matafiya. Daga filin jirgin saman Kano zuwa na Jidda mil 2,100 ne da 'yan kai, tafiyar da kakanninmu kan shekara suna yi ta hanyar Sudan. Jirgi kuwa, in ya miƙe, kamar awa 5 ta ishe shi. Amma agogon Jidda yana gaban namu da awa 2. Watau wanda ya tashi ƙarfe 10 na safe, 5 na yamma zai tarar can, ba 3 ba. Lokacin tashi da ke cikin tikiti kuwa na garin tashin ne. To, mai niyyar komowa gida, gyara agogonka tun ran sauka, kada jirgi ya bar ka. Haza wasalam.