Sankarar mama: "ki yi haƙuri" kaɗai ba jinya ba ce

1/ Kullum maganar gwaji da magani ake yi, ba a maganar abin da ke faruwa a cikin gida bayan likita ya ce sankarar mama ce. A ganina nan ne muka fi gazawa. Zare ne, ku biyo ni 🧵

2/ A 2022 kaɗai mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da ita a duniya, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. A Najeriya ita ce kansar da ta fi kama mata. Wato ba labarin nesa ba ne.

3/ Abin da muke fara yi shi ne ɓoye-ɓoye. Har ita mara lafiyar ake ɓoye wa, wai kar hankalinta ya tashi. Haba jama'a! Matar da ake yi wa kemo duk bayan sati uku, gashin kanta yana zuba, ita ce ba ta sani ba? Ta sani sarai. Shiru take yi don kar naku hankalin ya tashi. Kowa na kuka a ɗakinsa.

4/ Wasu kuma tsoronsu kar 'yan matan gidan su rasa manema. To ku ji: wadda ake gado ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba. Kuma ba a ɗaukar ta. Ku ci kwano ɗaya da ita, ba abin da zai same ku.

5/ Sai batun jifa. Kafin a je asibiti an riga an ɗora wa kishiya ko dangin miji. Zumunci ya lalace, ciwo kuma yana can yana ci.

6/ Maza, don Allah. In an cire mata mama, fuskarka take fara kallo. Ba lokacin ƙaurace wa ɗakinta ba ne, balle zancen ƙarin aure.

7/ Mai jinya fa? Yawanci babbar 'ya ce ko ƙanwa. Ta bar karatu ko sana'a, ta kwana a tabarma a asibiti, ta ji da kuɗin magani. 'Yan dubiya su zo su tafi, ba mai ce mata "ke ya jikinki?"

8/ Haƙuri da addu'a wajibi ne, ban musa ba. Amma in ta ce tana tsoro ka ce "ki yi haƙuri" ka miƙe, rufe mata baki ka yi. Tsoro ba raunin imani ba ne.

9/ Abin da za mu iya, ko ba mu da ko sisi: zauna ka saurare ta. Karɓi mai jinya ko na kwana ɗaya ne ta yi barci. Kai yara makaranta. Raka ta ranar ganin likita. Kar a yanke shawara a kan jikinta ba da ita ba.

10/ Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka wa masu jinya da alheri. In ka taɓa jinya, wace kalma ce ta fi sanyaya maka rai?