Ɗari Da Garwashi A Ƙasar Zugu

Hunturu ya sauka, kuma daga Anka har Gummi da Bukkuyum ba abin da ake nema da dare kamar abin ɗuma ɗaki. Kakanninmu sun san kaskon wuta, sun san gadon ƙasa da ake hura wuta ƙarƙashinsa sabo da tsofaffi da masu jego. Abin da ya sāke shi ne ɗakin kansa. A dā ginin ƙasa ne da jinka: bango ya wuni yana shan rana, da dare ya riƙe ɗumi, hayaƙi kuwa ya sulale ta cikin ciyawa. Yanzu bulo ne da kwano, kafin asuba ɗaki ya yi sanyi kamar randa. Sai mai ɗaki ya toshe taga da tsumma, ya rufe ƙofa, ya jawo garwashi kusa da gado.

Samarinmu kuma sun shiga gwaje-gwaje, ban kuwa ga laifinsu ba. Wani ya huda gwangwani ya zuba gawayi, wani ya kifa tukunyar ƙasa bisa kyandir uku ko huɗu, wai ya gani a waya. Wannan dabara ta tukunya ta yi tashe a Turai cikin 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa kuɗin gas ya hau, har 'yan kwana-kwana a Ingila suka yi ta gargaɗi a kanta sabo da gobara. To, ga gaskiyar magana: tukunya ba ta ƙara zafi ko kaɗan, tara shi take yi wuri guda. Ƙaramin kyandir bai fi wat 40 ba, jikin baligi kuwa yana zaune kurum yana fid da wajen wat 100. Watau kyandir uku da ƙyar suka ɗara mutum guda da ya shigo hira.

Amma fa tukunya wasa ce in an gwada ta da gawayi. Jama'a sun ɗauka in garwashi ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, shi ke nan an tsira. Assha, nan ne haɗarin yake! Gawayin da ke ci a ɗaki rufe yana fid da wata iska mai guba da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, jini kuwa ya fi kama ta da iskar da muke rayuwa da ita fiye da sau 200. Farkonta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barci mai nauyi. Da safe a ce zazzaɓi ne, ko a ce iskoki sun taɓa gidan. Janareto a zaure ma wannan gubar yake fesawa.

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a gaya musu abin da gubar ɓoye ke yi cikin gida. A 2010 gubar dalma, daga niƙan duwatsun zinariya a tsakar gida, ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Ba wanda ya gan ta da ido sai da aka auna jini. Waɗanda na fi tausaya wa yanzu su ne waɗanda 'yan bindiga suka koro zuwa garuruwa, iyali guda cunkushe a ɗaki guda, ba bargo.

Hana mutane wuta cikin Janairu zancen banza ne, ba mai ji. Abin da ya wajaba malaman makaranta su yi kaɗan ne. A kunna kyandir gaban yara, a kifa masa kwalba, su ga ya mutu, su gane wuta cin iska take yi kamar mu. Sa'an nan a gaya musu su kai gida: a ɗuma ɗaki da taga a buɗe, a fid da kasko waje kafin a kwanta. Wanda ke son ɗumi har asuba ya gasa dutse ko bulon ƙasa a murhu, ya naɗe da tsohon zane, ya ajiye wajen ƙafa. In kuwa an tarar da mutanen ɗaki guda duk suna ciwon kai tare, a fid da su sarari nan da nan, a nufi asibiti da su.