Zancen Akawu: Auna Kaya Kafin Ka Sayi Jaki

Zuwa ga Edita, ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da bashin amsa a wuyana.

A makon jiya takarda ta iso mini daga wani saurayi, malamin makaranta. Ya ce wata goma sha huɗu ke nan yana tsimin abin da ya ragu daga albashinsa, yana so ya haɗa kwamfutar wasa. Abokansa kuwa sun cika masa kunne, wannan ya ce ya nemi allon nan da a ke kira 4K, wancan ya ce katin zane shi ne kome. Ya tambaye ni wanne zai fara saya. Na ga ya kyautu in amsa masa a fili, domin na tabbata ba shi kaɗai ke cikin wannan ruɗami ba.

Na san cikin masu karatu akwai dattawan da za su ce, me ya haɗa akawu mai iyali da zancen wasa? Ranku ya daɗe, ai ku ma kukan zauna gindin bishiya da maraice ku yi dara, ba wanda ya ga aibinku. Aibi shi ne mutum ya zuba kuɗin hatsi da na makarantar yara cikin abin da bai san kansa ba. Ni kuwa na taɓa yi, shi ya sa na ke da bakin magana.

Cikin shekarar 2023 na shiga wani kanti, na ga allo mai inci 32, irin na 4K, yana nuna hoton wani kogi, har ƙwayoyin yashi ana gani. Ban yi shawara da kowa ba, na ƙirga kuɗi na biya. Katin da ke cikin kwamfutata a gida kuwa GTX 1650 ne, na shekarar 2019, mai ma'ajiya gigabait 4. Da na kunna wasa sai na ga mutane suna tafiya irin ta hawainiya, su ɗaga ƙafa su tsaya, su sake ɗagawa. Tilas na rage hoton, na mai da shi irin wanda tsohon allona ke nunawa. Uwargida ta tsaya bayana ta duba, ta ce, "Maigida, wannan ne abin da aka ɗage mana sayen firji dominsa?" Na rasa ta cewa. Bayan wata biyar na sayar da shi da hasara.

To, ga dalilin abin da ya same ni. Fuskar allo cike ta ke da ƙananan ɗigo, jere kamar ɗinkin hula, kowane ɗigo da nasa launi. Allo ba ya zana kome da kansa. Katin zane shi ke lissafa launin kowane ɗigo ya aika masa, kuma in ana so motsi ya tafi sumul, sai ya sake wannan aiki aƙalla sau 60 cikin sakan guda. Watau allo shi ne kaya, kati shi ne jaki.

'Yan'uwana akawuna, ku ɗauki alƙalami mu auna kayan. Allon da a ke kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Na tsakiya, wanda a ke kira 1440, yana da 2,560 sau 1,440, jimla 3,686,400. Na 4K yana da 3,840 sau 2,160, jimla 8,294,400, watau ninki huɗu cif na 1080. Ashe ni na ɗauki kayan jaki huɗu na ɗora wa guda, sa'an nan na ce jakin ne malalaci.

Akwai kuma nauyi na biyu, shi ne sauri. Wani allo yana sabunta hoto sau 60 cikin sakan, wani sau 144, wani ma ya fi haka, shi ne abin da ku ke gani an rubuta 60Hz ko 144Hz a jikin kwali. Allon 4K mai sau 60 yana neman ɗigo 497,664,000 kowane sakan. Allon 1440 mai sau 144 yana neman 530,841,600. Kun ga na tsakiyar ma, in mai sauri ne, kayansa ya ɗara na babban. Lalle ba ƙirgar ɗigo kaɗai ce aikin kati ba, amma wannan lissafi ya isa ya nuna cewa kaifin hoto da saurin motsi kowanne da farashinsa, wanda ya ce sai ya haɗa su duka biyu kuwa, ya shirya kwance bakin jaka.

Saboda haka, Malam, amsata ita ce ka fara yanke shawarar allo, ko da ba shi za ka fara biya ba. Ka tambayi kanka wane irin wasa ka fi yi. In na tseren mota ne, ko na harbi, ko ƙwallo, inda ƙiftawar ido ke raba mai ci da wanda aka ci, sauri ya fi maka amfani. In na labari ne, ko na gina gari, inda mutum ke tsayawa ya ƙare wa wuri kallo, kaifin hoto ya fi.

Ka dubi girma kuma. Allon 1080 mai inci 24 yana da ɗigo wajen 92 cikin kowane inci. Na 1440 mai inci 27 yana da 109. Na 4K mai inci 32 yana da 138. Ni dai da na koma na 1440 mai inci 27, ina zaune nisan kamu biyu daga gare shi, idona bai taɓa ƙorafi ba. Ka tabbata kuma allon yana da dabarar nan ta FreeSync, wadda AMD ya fitar a 2015, ko G-Sync ta Nvidia ta 2013. Aikinsu shi ne su sa allo ya jira kati, su tafi tare, don kada hoto ya riƙa yagewa a tsakiya sa'ad da kati ya gaza.

In ka tsai da allo, sai ka zo ga kati. Abin dubawa na fari ma'ajiyarsa, inda ya ke ajiye zanen bango da tufafi da fuskoki. In ta cika, wasa ya shiga sarƙewa kome ƙarfin katin. A ganina gigabait 8, irin ta RTX 4060 da ya fito a 2023 kan dala 299, ta dace da allon 1080. Ga 1440 ka nemi 12 ko 16. Intel ya fitar da Arc B580 mai 12 a Disamba 2024 kan dala 249, AMD kuma ya fitar da RX 9070 XT mai 16 a Maris 2025 kan dala 599, shi ne kuwa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wannan kuɗin fitowarsu ne a Amurka, na kanti yakan ɗara. Akwai kuma wata hikima, Nvidia na kiranta DLSS, AMD na kiranta FSR, inda kati ke zana ɗigo kaɗan, kamar na 1440, sa'an nan ya cike gurbin sauran har hoton ya kai 4K. Tana rage wa jaki kaya ƙwarai, amma ba ta mai da jaki raƙumi.

Abin da abokanka ba su faɗa maka ba shi ne wuta. RTX 4060 yana shan wat 115. RX 9070 XT yana shan 304. RTX 5090, wanda ya fito a Janairu 2025 kan dala 1,999, yana shan 575, har masu shi suka ce a ba kwamfutar akwatin wuta mai wat 1,000. Kai da wani lokaci sai da janareta ko batir za ka kunna, ka lissafa wannan tun da wuri. Duk wutar da kati ya sha kuwa zafi ta ke komawa cikin ɗakinka, ka tuna da bazara. Ka tuna da ƙurar hunturu kuma, wadda ke toshe fankar kati, ka riƙa buɗewa kana kakkaɓewa.

Waya ma tana da nata. Ƙofar HDMI 1.4 ba ta wuce sau 30 a 4K, ta 2.0 tana kai 60, ta 2.1 tana kai 120. Ka soka wayar a jikin katin kansa, kada ka soka a ƙofofin sama na uwar kwamfuta, kāna ka shiga saitin Windows ka zaɓi saurin allonka da hannunka. Na san wanda ya shekara da allo mai sau 144 yana kallon 60 bai sani ba.

In na gwanjo za ka saya, ka yi hattara. A Satumba 2022 kuɗin intanet na Ethereum ya daina bukatar haƙa da katin zane, katunan da suka yi aiki dare da rana ba hutu suka kwararo kasuwa. Kada ka biya sai an kunna maka wasa mai nauyi ka zauna rabin sa'a, kana sauraron fanka, kana duban hoto.

Da ni ne kai, Malam, sai in sayi allon 1440 mai inci 27 mai sau 144, da kati mai gigabait 12 ko 16, in ware wani abu don akwatin wuta nagari da abin kare kwamfuta daga hawa da saukar lantarki, sauran canji in kai gida. Daidai ruwa daidai tsaki. Wata goma sha huɗu na tsimi ba abin zubarwa ba ne cikin yini guda don kogin da ka gani a tagar kanti.

Wanda ya ga kuskure cikin lissafina, ya rubuto ta hannun Edita, zan karɓi gyara da godiya. Mako mai zuwa, in muna da rai, za mu yi zancen ƙwaƙwalwar kwamfuta da abin da ya dace a haɗa ta da shi.

Haza wasalam. Ni ne naku,

Akawu.