Iya Ruwa Fidda Kai: Wa Zai Koya Wa 'Ya'yanmu?

 Yau maganar ruwa za mu yi.

A garuruwan bakin teku irin su Sharm el-Sheikh a Masar da Zanzibar a Tanzaniya, malaman nutso ba su cika samun sukuni ba. Mutum zai zo bai taɓa goya tukunyar iska ya shiga ƙarƙashin ruwa ba, cikin kwana uku ko huɗu ya koma gida da katin shaida a aljihu. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ta fi shahara wajen ba da wannan kati, kuma sharuɗɗanta a rubuce suke. Sai ɗalibi ya yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ya kuma riƙe kansa a saman ruwa minti 10 bai dafa komai ba. Sai darasi biyar a ruwa marar zurfi, sannan nutso huɗu a buɗaɗɗen ruwa. Katin farko iyakarsa zurfin mita 18, kuma ana horar da shi kada ya shiga ba abokin tafiya.

Malamin yana koya masa yadda zai fitar da ruwa daga gilashin fuska, yadda zai raba iska da abokinsa in tasa ta ƙare, da yadda ake magana da hannu. Yana kuma gaya masa dalilin kowace doka. A zurfin mita 10 nauyin da ke danne jiki ya ninka na saman ruwa, don haka wanda ya shaƙi iskar tukunya a can ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura har ta iya yaga masa huhu. Duk wannan an rubuta shi daki-daki, ana koyarwa, ana gwadawa.

Wani zai ce, to ina ruwanmu, mu da muke tsakanin gonakin gero da gyaɗa a Bichi, Bagwai, Ɗambatta, Makoɗa da Kunchi? Ruwanmu kuwa da yawa. Muna da madatsar Watari, muna da ta Thomas, muna da ta Gari, ga kududdufan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, waɗanda damina ke cikawa a bayan kusan kowane ƙauye. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba, 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai ya kife a ruwan Watari. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. Lodin da ya wuce ƙima aka ɗora wa laifi. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: cikin yaran nan da suka tashi a bakin ruwa, nawa aka taɓa koya wa yadda za su kwanta rigingine su riƙe kansu har taimako ya zo?

Waɗanda suka faɗa ruwa neman mutane a daren nan masunta ne da masu nutso na yankin. Ba tukunyar iska, ba kati, sai numfashin da ke ƙirjinsu. Mutanen nan sun san inda laka ke riƙe ƙafa, sun san inda tsofaffin kututture suke tun kafin ruwa ya cinye wurin, sun san iskar da ba a tuƙi a cikinta. Iliminsu ba ƙarami ba ne. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, har gasar nutso ake yi a cikinsa. Sai dai ilimi ne na gado. Ɗan masunci ya koya wurin ubansa, ɗan manomin da ke hawa jirgi ɗaya da shi kuwa ko oho.

Ra'ayinmu ke nan: abin da ya kamata mu aro daga makarantun nutso na waje tsarinsu ne, ba kayansu ba. Tukunyar iska da injin cika ta kuɗi ne masu yawa, ruwan madatsunmu kuma gurɓatacce ne, ba a ganin tafin hannu a ƙasansa. Mai nutso da kayan zamani in ya taso daga birni, gawa zai zo nema, domin mintuna kaɗan ƙwaƙwalwa ke jure rashin iska. Ceto yana hannun wanda ke tsaye a bakin ruwa lokacin da abin ya faru, kuma galibi yaro ne, ko mai wanki, ko makiyayi.

Me zai hana a buɗe ajin kwana biyu a bakin kowace madatsa da bazara, bayan sanyi ya wuce kuma kafin aikin gona ya kankama? 'Yan boko Asabar da Lahadi, almajirai Alhamis da Juma'a. A kewaye wuri marar zurfi da igiya da jarkoki. Sarkin ruwa da mutanensa su ne malamai, a biya su ladan aikinsu. Jami'an kashe gobara da ma'aikacin lafiya su koyar da taimakon gaggawa. Darasin ba shi da yawa. Yaro ya iya kwanciya a saman ruwa, ya iya iyo zuwa gaɓa. Ya san cewa mai nutsewa ba ya iya ihu, kuma in ka kusance shi zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Ya san ana fara miƙa masa sanda, ko a jefa masa jarka ko gora mai igiya, ko a tuƙa kwale-kwale, shiga ruwa shi ne na ƙarshe. Ya san ba a ɓata lokaci wajen matsa cikin wanda aka tsamo, ana hura masa iska ne a danna ƙirji. A ƙarshe a gwada kowa, wanda ya ci a ba shi kati. Matuƙin jirgi kuma a hana shi ɗaukar fasinja sai da nasa katin da rigunan kariya.

Mun san za a kawo uzuri. Wasu za su ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ba mai wuce ranarsa, amma ba mu taɓa ƙin shuka ba don abinci na Allah ne. Wasu za su ce koyar da yaro iyo tura shi ruwa ne. Ai yana zuwa tun yanzu, a ɓoye, ba malami. Wasu za su ambaci tsargiya, kuma suna da hujja, domin akwai ta a ruwan madatsu. Shi ya sa muka ce da ma'aikacin lafiya a wurin, da maganin da ake rabawa a makarantu. 'Yan mata fa? A kafe zana, mata su koyar da mata, domin jirgi in zai kife ba ya tambayar wa ya ɗauko. Kwana biyu ba za su mai da yaro gwani ba, kamar yadda katin PADI na farko ba ya mai da mutum mai ceto. Mataki ne na farko, a ɗora na biyu a kansa baɗi.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 236,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2019, kuma koyar da yara iyo yana cikin matakan da take ba da shawara. A Bangladesh an daɗe ana koyar da yaran ƙauye a kududdufan da aka kewaye da itacen gora.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu kai tsaye. Tsarin can ya tsaya ne saboda akwai littafi. Namu yana ƙirjin dattawa, kuma suna ta tafiya. Duk wanda gidansu ke kusa da Watari, Thomas ko Gari, ya je ya gaishe da sarkin ruwa, ya zauna ya ce, “Baba, yaya ake tsamo mutum ba tare da ya ja ka ba?” Ya rubuta amsar da kalmomin dattijon, ya kawo nan mu haɗa, a nuna wa ma'aikatan ceto su duba, mu fitar da ɗan littafi da boko da ajami. Ranar 25 ga Yuli ce ranar yaƙi da nutsewa ta duniya, daidai lokacin da kududdufanmu ke cika. Mu sa ta zama wa'adinmu.

Wa zai fara da Bagwai? Ya ɗaga hannu a ƙasa. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.