Wanda Ya Bar Gari Ya Ajiye Hatimi

'Yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, tun 1969 Dokar Soja ta 10 ta kafa hukumar ARCON domin ta riƙe rajistar masu zanen gine-gine a Nijeriya. To, ina amfanin rajistar da ke ɗauke da sunan wanda ya yi ritaya, ko ya tare a Ingila, alhali hatiminsa yana nan a hannun yaransa? Su buga shi a kan zanen da idonsa bai taɓa gani ba, mai fili a Tudun Wada ya biya ya tafi da murna, yana zaton gwani ya duba masa.

Za su ce da guminsu suka sami sunan. Gaskiya ne, kuma ba mai hana su tafiya. Amma rajista ba sarautar gado ba ce. Alkawari ce cewa mai sunan yana nan, in bango ya tsage a san wanda za a kama. Wanda ya ga gawawwakin benen Ikoyi a 2021, da na 'yan makarantar Jos a 2024, ya san gini ba abin wasa ba ne. Babban Gwani bai gina Masallacin Juma'ar Zariya daga wata uwa duniya ba.

Saboda haka mai tafiya ya rubuta wa hukuma ta cire sunansa, ya ajiye hatimi. In ya komo, ya nemi a mayar. Ku kuma masu gini, ku ce sai kun ga mai hatimin ido da ido. In kunne ya ji, jiki ya tsira.